Kaucin Bagaruwar Kaka

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, na dawo hutu Kurawa na tarar awakin Kaka saura ɗaya. Baƙa ce, da tsohon ciki, haƙarƙarinta duk a waje. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, har zanar bayan gida an kwance an ba ta.

Bagaruwar da ke bayan ɗakin Kaka ta zubar da ganye kaf, amma can sama akwai wani curi kore shar. Kauci ne. Kaka ba ta yarda a taɓa shi, don da shi take yi wa jikoki jiƙo. Ranar da akuyar ta kasa tashi, sai ta kira ni.

"Angona, aje littafin ga, hau ka saro min shi. Kada ka bari shi taɓa ƙasa."

"Kaka, akuya ce fa za ta ci, ba magani za a yi ba."

"Mi kas sani? Hau dai, ni za ni tara zane."

Na hau, ƙaya tana jan rigata. Ban taɓa ganin kauci kusa haka ba. Ba shi da saiwa ko ɗaya. Inda ya kama reshen, iccen ya kumbura kamar gwiwa, na shafa na shafa ban gane inda bagaruwa ta ƙare shi ya fara ba. Ganyensa da kauri, da sanyi a tafin hannu, a garin da guga ke fitowa da laka. Furanninsa sirara, masu jan kai, sai ka ce ashana. Ina riƙe da lauje sai ga wani ɗan tsuntsu mai siririn baki ya sauka, ya taɓa kan guda. Furen ya tsage fat, ya watsa masa gari a goshi. Na ce subhanallahi, na manta abin da ya kai ni.

"Can za ka kwana? Kishiyata ka samu bisa icce?"

Na sari rabi, na bar rabi. Kaka ta cafe da zanenta, ko ganye ɗaya bai faɗi ba.

Akuyar ta shinshina ta kau da kai. Kaka ta yayyafa ruwan kanwa, ta durƙusa tana miƙa mata ganye ɗaya ɗaya, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Can akuyar ta fara tauna. Da la'asar ta kafa gwiwa ta miƙe, tana rawar ƙafa, ta nufi inuwa da kanta.