Hannun Ɗan Rewaya

Akwai wata gaisuwa da na yi a ƙofar wani gida a Birmingham wadda ba na jin za ta fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani. Musabaha ce kawai, hannu cikin hannu, amma sai da na yi mako uku ina shirya mata, har da kwance rabin babur ɗina.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin lantarki a Manchester, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Hulme. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe laburare, ana rage motocin bas, tikitin jirgin ƙasa kuma ya fi ƙarfin ɗalibi irina. Sai na sayi tsohon babur, na ce ai ɗan Kano ba ya tsoron ƙafa biyu. Dama a cikin babura na tashi. Mahaifina rewaya ne, mai gyaran wayoyin babur da mota a gindin wata darbejiya, kuma da wannan sana'a ya yi min makaranta. Amma ban taɓa faɗa wa kowa haka a Ingila ba. Kunya nake ji, gara in faɗi gaskiya.

Yarinyar da nake nema 'yar wani likitan ƙashi ce, mutumin Kano da ya daɗe a Birmingham, kowa Dakta yake ce masa. Ta gaya min yana so ya gan ni da idonsa kafin ya yarda manyana su je wurin 'yan'uwansa a gida. In bai gamsu ba, magana ta mutu ke nan, don ita ba za ta tsallake maganar mahaifinta ba.

Wata Asabar ta watan Disamba na sa kaftani a ƙarƙashin rigar babur, na kama hanya. A tsakiyar tafiya na tsaya a wurin hutawar matafiya don in yi azahar. A nan na yi wautar da har yau nake dariyarta. Mu a gida ba ma goge ruwan alwala, kafin ka kai sahu ya bushe da kansa. Haka na idar, na sake wanke hannu da ruwan sanyi, na yarfe, na zura su a safar hannu da danshinsu, na hau titi. Ban yi minti ashirin ba na daina jin yatsuna. Da na iso wani shataletale a bakin gari na kai hannu zan ja birki, sai na ga yatsun sun ƙi lanƙwasawa. Birkin ƙafa ne ya cece ni daga bayan wata babbar mota.

Dakta da kansa ya buɗe ƙofa. Na durƙusa, ya miƙo min hannu, ya riƙe nawa kamar yadda manya ke yi har sai an gama gaisuwa. Amma shi bai saki ba. Ya juya tafin, ya duba yatsun da suka yi fari fat, ya matsa kan ɗaya.

"Kana jin nan?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Ba ka ji," in ji shi. "Shigo."

Zaman bai yi daɗi ba. Aka kawo shayi, kofin ya suɓuce min a kan dardumar Hajiya, matarsa. Ya tambaye ni karatu, na amsa. Ya tambaye ni sana'ar mahaifina, sai na ji bakina ya ce, "Yana harkar motoci." Na bar shi ya ɗauka dila ne mai fili cike da motoci. Ya gyaɗa kai. Sai da zan tafi ya ce, "Kusan kullum sai an kawo min ɗan babur a ɗakin tiyata. Hannun da ba ya iya jan birki ba zan damƙa masa 'yata ba. Ka dawo bayan mako uku mu sake magana."

Ita kuwa mutuniyar kuka ta sa min a waya. "Don Allah ka hau train kawai, just this once." Na ƙi. Taurin kai na ciki, ban musa ba. Amma na ga in na je a jirgi ranar, na koma kan babur washegari, yaudararsa na yi. Hannun ya ce ba ya aiki, to hannun zan gyara.

Na sayo robar hannun babur mai hita a ciki, irin wadda ake zurawa a madadin ta asali, a jona ta da batir ta riƙa ɗumama tafin hannu. Kafin in fara na kira Baba, don dai in burge shi.

Ya yi dariya har da tari. "Mu nan muna neman abin da zai huce mana hannu, kai kana sa wa babur murhu? To ji nan. Kada ka ɗauki wuta kai tsaye daga batir. Ka nemi wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ka sa rile da zai yanke wutar in ka kashe makulli, ka sa fiyus. Ɓangaren totur kuma ka bar wa wayar rara, kada ta riƙe shi."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ni da ke karanta lantarki a Ingila, mutumin gindin darbejiya ne zai koya min jona waya biyu? Na yanke tsohuwar robar da reza, na goge ƙarfen, na shafa gam, na zura sabuwar da sauri kafin ya kama. Rarar totur ɗin dai na bari. Amma wutar kai tsaye na ɗauka daga batir, don ya fi sauƙi, na ce ai zan riƙa tuna kashewa. Na zaga har Salford na dawo, hannuna ɗumi kamar na riƙe kofin koko, ina ta murmushi a cikin hular kwano. Na ajiye babur na shige ɗaki ban kashe ba. Da safe na murɗa makulli, ko ƙyas. Batir ya mutu murus.

Sai da na yi kwana biyu kafin in iya sake kiransa. Bai ce "ai na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Cewa kawai ya yi, "Ɗauko fitilar gwaji. Cire kujerar." Na jingina wayar a kan tanki, ina tsugune a waje cikin yayyafi, shi yana can yana ba ni umarni, ina jin ƙarar bakin titinsu. Ya sa na lalubo wayar fitilar baya, ya faɗa min ƙafar rilen da za ta je can da wadda za ta je batir, duk daga ƙwaƙwalwarsa, bai ga babur ɗin ba. Ya sa na naɗe kowane haɗi da salatif sau biyu, ya sa na juya kan babur hagu da dama in ga ko wata waya na ja. Da na kashe makulli na ji robar ta fara hucewa da kanta, sai na zauna a ƙasa. Abin da malamai suka cika min allo da shi, shi ne mutumin nan ya warware min da ƙaramar wayarsa mai madannai.

Ranar komawa sanyin ya fi na farko, har ciyawar gefen titi ta yi fari. Na tsaya a wurin hutawar nan na yi azahar, wannan karon na goge hannuna tas. Na ja birki a shataletalen nan da yatsu biyu, babur ya tsaya cak.

Dakta ya buɗe ƙofa, na durƙusa, ya kama hannuna. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya juya tafin, ya matsa yatsa, jini ya dawo nan take.

"A mota ka zo?"

"A babur, ranka ya daɗe."

Ya zura takalmi ya fito da jallabiyarsa cikin sanyin nan. Na murɗa makulli, ya dafa robar, yana jin ɗumin na hawa. Ya ce, "In ka manta ba ka kashe ba fa?" Na zare makulli, na ce ya ci gaba da riƙewa. Ya ji tana hucewa.

"A jami'a aka koya maka wannan?"

Na san amsa biyu ce a gabana. Na ce, "A'a. Ni nawa aikin kashe batir ya yi. Mahaifina ne ya gyara min ta waya. Rewaya ne, ranka ya daɗe, a gindin bishiya yake aiki. Wancan karon ban faɗa maka daidai ba."

Ya dube ni, ya ce, "Na sani. Kana tsammani zan bar mutum ya shigo gidana ban sa an bincika min asalinsa ba? Tun kafin zuwanka na farko ƙanena ya je har gindin bishiyar. An ce masa shekara da shekaru ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Hannunka bai dame ni kamar bakinka ba. Wanda ya ɓoye ubansa, wata rana zai ɓoye matarsa." Ya sake kama hannuna. "Ka gaya wa Malam ya turo mutanensa."

Ban shiga gidan ba sai da na kira Baba a nan bakin ƙofa. Na gaya masa. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "Fiyus ɗin dai ka sa ko?"

Yau 'ya'yanmu uku, Turancinsu na mutanen Manchester ne, amma duk wanda ya tambaye su aikin kakansu za su ce masa rewaya ne, da ƙarfi, don haka na koya musu. Na je Birmingham ina tsoron sana'ar mahaifina za ta hana ni mata, ashe ita ce za ta ba ni. Tun ranar ban sake rage murya ba in an tambaye ni ɗan wane ne ni.