Kibiyar da Ba Ta Tambayar Suna

Lokacin yaƙin Iraƙi na farko, talabijin ɗaya ce a layinmu na Majidaɗi, a gidan wani malamin asibiti. A can yayana Buba ya ga makami ya ratsa sama shi kaɗai, ya nemo wani gini ya faɗa masa kamar an aike shi. Ya dawo gida idanunsa na ƙyalli, ya ce shi fa soja zai shiga, tunda yaƙin zamani na masu ilimi ne, daga zaune ake yin sa.

Dada, kakarmu, tana zaune tana jin sa. Sai bayan magariba, muna zagaye da murhu tana gasa mana doya, ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya. "Ga ta nan, ta ƙetaro kogi da jiƙaƙƙen zane," in ji ta. Muka ce ta matso ta sha ɗumi.

Wasu sarakuna biyu ne, ta ce, kowa da dutsensa, suna jayayya kan fadamar da ke tsakaninsu. Al'adarsu kuwa, ba a ɗana baka sai mutum ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da gidan uwarsa, na gabansa ma ya faɗi nasa. Sau da yawa sai a tarar taubasai ne, a zazzagi juna, a yi dariya, kowa ya koma gida. Amma maƙeransu suka shiga gasa. Wannan ya ƙara wa baka tsawo, wancan ya ƙara wa garkuwa kauri, har maƙerin gabas ya ƙera kibiya mai neman mutum da kanta. Sarkin gabas, yana kishingiɗe a inuwa, ya ce mata, "Je ki nemo mai fatar damisa." Yariman yamma yake nufi.

Ashe 'yarsa ta daɗe da ba yariman nan zuciyarta. A yammacin ranar ta sulale ta same shi gindin tsamiya. Ya ga tana rawar sanyi, ya cire fatar damisarsa ya yafa mata. Kibiya ta iso, ta cika aikinta.

Ni da soyayyar kaɗai nake bi, na fashe da kuka. "Dada, don Allah ki canza, ki bar su su yi aure!"

"Ɓingel am," ta lallashe ni da Fulatanci tana share min hawaye da bakin zanenta, "ubanta ma ya yi ta kiran kibiyar, ba ta da kunne."

Buba ya taɓe baki. "Wannan ai tsohon yayi ne. Na yanzu da kwamfuta suke aiki, ba sa kuskure."

"Kai, mijin banza! Ita kwamfutar ta san gidan uwar wa?" Muka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɓare doya ta miƙa masa. "Ban hana ka tafiya ba. Amma duk wanda za ka harba, ka tuna wata ce ta raɗa masa suna a zuciyarta tun yana ciki."

Ya tafi. Dada ba ta ga dawowarsa ba.

Shekaru da yawa ina ɗaukar labarin nan na masoya biyu ne da aka raba. Sai yanzu da manyan ƙasashe ke rige-rigen ƙera jirage marasa matuƙa na gane ba yarinyar kaɗai Dada ke tausayi ba, har da sarkin, wanda nisa ya hana shi ganin fuskar da ya aika wa mutuwa. Irin wannan makantar take ji wa Buba tsoro.

Kwanaki na kai masa ziyara a Nukkai, ya yi ritaya, furfura ta cika masa gemu. Ɗansa ya kawo waya da murna yana nuna mana bidiyo: wasu ɗigo-ɗigo na tafiya a ƙasa, sai haske, sai hayaƙi. Buba ya daɗe yana kallo. Sannan ya kife wayar a kan tabarma, ya dubi yaron.

"Su wane ne?" ya ce. "Faɗa min sunansu."