Kada Ku Sa Ni Barci

Haihuwata ta fari aiki aka yi mini. Kwana biyu na yi ina naƙuda a ɗakin Inna, mahaifiyata, a Ƙofar Kware, ina cije leɓe don kada a ce na yi raki. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka saka ni mota da hantsi sai asibiti. Abin da nake iya tunawa kawai shi ne wata roba da aka kifa mini a hanci aka ce in ja numfashi. Na zubar da jini da yawa, ban san inda kaina yake ba sai washegari.

Da na farka na laluba gefena, wayam. Inna ta kama hannuna ta ce, "Ki yi hanƙuri. Ɗiya ta, amma Allah ya amshi abinai."

Jaririyar ta yi kamar awa guda da rai. Maigidana ya yi mata huɗuba, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ba wanda ya yi laifi, ai ba a ajiye gawa ana jiran mai jego ta farka. Na san haka sarai, amma har gobe raina bai yarda ba. Wata tara ina ɗauke da ita, ta hana ni cin tuwo, ta hana ni kwanciya ta gefen dama, sannan kowa ya gan ta ban da ni. Hatta maƙwabciyar da ta kawo ruwan zafi a fulas ta ga fuskarta.

Na yi tambaya har na gaji. Fara ce ko baƙa? Da wa ta yi kama? Inna sai ta ce in bar tona wanga zance. Shi kuwa maigidan, da na ɗauko maganar sai ya miƙe ya ɗauki buta, ko da lokacin salla bai yi ba. Na sha jin kamar in fizge butar nan in jefa ta bayan katanga.

Sai bayan shekara huɗu, muna zaune a unguwar Arkilla, na sake samun ciki. Likitar da ke duba ni a wurin awo, wata doguwa marar son dogon zance, ta ce ƙuguna ba zai ba da hanya ba, gara a sa rana a yi aiki cikin natsuwa. Ban yi musu ba. Sai ta ƙara da cewa hanya biyu ce: ko a sa ni barci, ko a yi mini allura a baya, ƙasana ya mutu amma idona biyu. Ban bari ta rufe baki ba na ce ta biyun.

Nan fa aka yi mini caa. Matan layin awo suka ce allurar baya ciwon baya take bari har tsufa, kowace da labarin ƙanwar wance. Inna kuwa har gida ta zo a keke mai ƙafa uku, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ke wace irin zucciya ag gare ki? Kina ji kina gani a tsaga ki? Ki bari su sa ki kwana, ki tashi ki iske ɗanki."

"Inna, wancan karon ma haka munka yi," na ce. "Na tashi, mi na iske?"

Ban taɓa mayar mata da magana haka ba. Daga ƙarshe dai ta ce Allah ya raba lafiya. Maigidan kuwa, ranar sa hannu ya karanta takardar har ƙarshe, ya tambayi likita sau biyu ko ta rubuta abin da na zaɓa.

Ranar aikin tsoro ya kama ni ba kaɗan ba. Ɗakin sanyi ƙalau, an tare mini gani da wani kore zane, ina jin ana jan cikina kamar ana fitar da kaya daga buhu. Ina ta salati a zuci, na kafe idona a rufi, ko ƙiftawa ba na son yi. Can sai na ji kuka, siriri, mai tsiwa. Wata nas ta zagayo da shi ta kara mini a kumatu, da ɗuminsa da maiƙonsa. Namiji. Na kalle shi na ƙara kallo, ina haddace shi, kunne, goshi, 'yan yatsu. Farin ciki na yi, wallahi, amma a daidai lokacin nan kewar yayarsa ta taso mini fiye da kullum, don sai yanzu na san girman abin da ya wuce ni.

Da yamma maigidan ya shigo ya karɓe shi. Ya yi masa huɗuba, ya tsaya yana shafa kansa da babban yatsa. Bai dube ni ba ya ce, "Ita ma haka gashinta yake, kwance lub. Kuma bakinki ta ɗauko."

Na ce masa ya jawo kujera ya zauna, ya fara mini daga farko.