Ɓarawon Kaka da Tanko Dillali

Ni fa duk littafin ɓarayin da na karanta, ban ga ɓarawon da ya kama ƙafar Jatau Mai Sanɗa ba. Shi kuwa ba a takarda yake ba, a bakin kakata yake.

A Gada Biyu muka taso, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ana idar da magariba sanyin Jos ya sauko, Kaka Dudu za ta hura gawayi a kasko, yaran layi su cika tsakar gida, har da 'ya'yan maƙwabcinmu Tanko dillalin shanu. Langa-langa kawai ya raba mu da shi.

"Ga ta nan, ku matso kar ta huce," in ji ta.

Kullum Jatau ne, kuma kullum mutum ɗaya yake yi wa sata: wani dillali da ya sace saniyar gwauruwa, ya sake yanka mata kunne don alamar gidansu ta ɓace, ya rantse gaban alƙali tasa ce. Yau Jatau ya kwashe masa takalma a ƙofar masallaci. Gobe ya sace wandonsa yana wanka, dillalin ya bi kasuwa da buhu a ƙugu. Mu yi ta dariya har da tari.

"Kaka, a ɗan tausaya masa mana," in ji wani yaro.

"Tausayi? Shi ya tausaya wa maraƙin da ya kwana yana kuka?" Sai ta ɗaga murya tana kallon langa-langan. "Gobe hular za a ɗauke!"

Ashe saniyarta ce, wadda Kakanmu ya bar mata, dillalin kuwa Tanko ne. Mu ba mu sani ba, amma manyan layi sun sani. Har ta kai in Tanko ya wuce, yara na bin sa da "Jatau na zuwa!" Ɗansa na cikinsa ma ya taɓa tambayarsa wai me ya sa dillalai ke yanka kunne.

Wata safiya muka tarar da karsana ɗaure a ƙofarmu. Kaka ta duba haƙoranta, ta shafa bayanta, ta ce a shigo da ita.

Na ce, "To Jatau ya huta ke nan?"

"Ke, nonon shekara uku fa, wa ya sha?"

Da magariba ta hura kaskonta.

Da na girma an sha ce min haƙuri maganin zaman duniya. Na yarda. Amma na ga tsohuwar da alƙali ya kora ba shaida, ta ƙwaci haƙƙinta da gawayi da yara goma. Tanko ya tashi daga layin kafin damina. Har yau ban ji tausayinsa ba.