Yadda Na Kai Maɗacin Kurmi Belbeji

Shekara huɗu bayan samun 'yancin kai ina gardin daji, wato mai tsaron itatuwan gwamnati, a Tanut. A tsakiyar bazara shugabanmu na Damagaram, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Abijan ba, ya aiko mini da takarda. Ya ce ya zo da dashen akaju guda goma sha biyu, wato maɗacin kurmi da ake yin tebur da katakonsa, in je Bakin Birji in karɓa in kai Belbeji a dasa. Kowane dashe a ba shi ruwa safe da yamma, kuma kada rana ta taɓa shi. Bai faɗi inda zan ajiye ranar ba.

Litinin: Tanut zuwa Bakin Birji

Na fita ƙarfe biyar saura kwata, bayan sallar asuba, na shiga kamiyon Ɗan Azumi mai zuwa Damagaram. Tafiyar kusan kilomita tamanin ce, muka yi ta cikin awa biyar, domin sau biyu muna sauka muna tura mota cikin rairayi. A shingen jandarma aka duba takardata aka sara mini. Tunda na fara aiki ba a taɓa sara mini ba, sai ranar da na zama ɗan rakiyar itace.

A Bakin Birji na tarar da baƙina, wato dashen, a rumfar wani mai shayi, kowanne cikin gwangwaninsa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Biyu sun riga sun sunkuyar da kai.

Talata: Bakin Birji zuwa Falanko

Mota ba ta bin wannan hanya, sai na yi jinga da wani Buzu mai raƙuma uku, sunansa Agali. Muka jera gwangwanaye cikin mangala, muka kafa musu rumfar tabarma a bayan raƙumi. Ni da Agali muka tafi a rana. Ƙarfe shida muka tashi. Da hantsi ya yi sai ya dube ni.

"Malam Isufu, in ya girma ina yake kaiwa?"

"An ce mutum biyar ba sa rungume gindinsa."

"A garinsu wata nawa ake ruwa?"

"Wata tara."

Ya daɗe yana duban dajin, ba abin da ke tsaye sai aduwa da ƙaya. Ya ce, "To, Allah ya ba shi haƙuri."

Mun isa Falanko da la'asar, kilomita talatin da 'yan kai, salkunanmu duk sun bushe. Rijiyar garin gaba arba'in ce, sa ke jan guga. Mata da makiyaya suna layi tun safe. Na nuna wa maigari takarda, shi kuwa da ya ga hatimi sai ya sa aka janye shanu aka ba ni guga shida a jere. Wata tsohuwa, Inna Ta Allah, tana riƙe da tulunta tana kallona ina zuba ruwa a gwangwani.

"Ɗan nan, 'ya'yansa ake ci?"

"A'a, Inna."

"Awaki na cin ganyen?"

"Ba a so su ci."

"Magani ne?"

"Tebur ake yi da shi, Inna, bayan shekara sittin."

Ta ce, "Ashe. Ni kuwa jikata ce kwance da zazzaɓi, ita yau take son nata ruwan."

Guga na shida na juye mata a tulu, na tabbata maigari ya gani, amma ya yi kamar bai ga komai ba. A gidansa muka sauka, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka. Na ci, amma bai yi mini daɗi ba.

Laraba da Alhamis: Falanko zuwa Belbeji

Kilomita sittin ne, muka raba su kwana biyu. Iska mai zafi ta taso ranar Laraba da azahar, ta shiga ƙarƙashin tabarma. Kafin magariba biyar sun zama tsinke. Muka yada zango a rugar wani Bafillace, Arɗo Bammi, ya ba mu nono da cuku. Ya leƙa mangala, ya tambayi laifin da suka yi aka koro su daga ƙasarsu. Da safe Agali ya zuba musu ruwan shayinsa ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce ba don gwamnati ba ne, bai saba baƙo ya mutu a kan raƙuminsa ba.

Mun shiga Belbeji ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi, da uku masu rai.

Juma'a zuwa Lahadi: Belbeji

Kumandan, wato babban jami'in gwamnati na Belbeji, ya tara jama'a bayan sallar Juma'a. Ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya fassara cewa jikokinmu za su sayar wa Turawa katako. Aka dasa ukun a gaban ofis, aka kewaye su da ƙaya, aka sa gumiye, wato dogarin kumandan, da bindiga yana gadi.

Ranar Asabar biyu suka bushe. Ranar Lahadi da safe ragon kumandan ya tura kai ta cikin ƙaya ya cinye na ukun. Gumiye yana tsaye yana kallo. Da na tambaye shi ya ce an umarce shi ya hana dabbobin talakawa, ba a yi masa maganar ragon gida ba.

Kumandan ya kira ni ofis. Rahoto yana kan tebur an riga an buga shi: itatuwa goma sha biyu sun iso lafiya, sun kama ƙasa. Teburin kansa na akaju ne da Turawa suka bari, zafi ya tsaga shi gida biyu, an cusa tsumma a tsagar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai babu ko ɗaya."

Ya ce, "'Ya'yanka nawa, Isufu?"

"Biyar."

"Shugabanka zai yarda cewa kuskurensa ne, ko zai ce gardi ne ya yi sakaci?"

Na karɓi alƙalami na sa hannu.

Komawa gida

Na samu motar likitan dabbobi ranar Litinin ƙarfe bakwai, ta bi ta Gangara, na sauka ƙofar gidana a Tanut kafin la'asar, na tarar da iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa duk wanda ya ba ni masauki ko ya bar mini layinsa a bakin rijiya.

Bayan wata guda shugaba ya aiko mini da takardar yabo, tare da umarnin in riƙa aika masa da tsawon itatuwan kowane wata uku. Ban taɓa fashi ba. Shi an yi masa ƙarin girma ya koma Yamai, wanda ya gaje shi ma yana karɓar awon. Bana, a lissafina, sun ɗara rufin ofis da kamu biyu, kuma na fara tunanin lokaci ya yi da zan rubuta cewa a zo a rage musu rassa.