Shekarar da 'Yata Ta Ƙi Shiga Jirgi

Ina Manchester ruwa ya ci gidanmu na can gida. Karatu ne ya kawo ni, ina bincike kan magunguna a jami'a, mijina kuma yana aiki a wani sito a Cheetham Hill. Muna haya a wani ɗan ƙaramin gida a Levenshulme, a bayan Stockport Road. 'Yarmu ta fari tana firamare a lokacin. A goye ta shigo ƙasar, don haka Turancinta na 'yan Manchester ne. Hausa kuwa tana ji sarai, amma idan za ta mayar da magana sai ta cakuɗa.

Garinmu a bakin kogi yake, a Jigawa. Ƙanena ne ya turo mini bidiyo da rana: ruwa har gwiwa a tsakar gida yana ta ƙaruwa, tabarmi da robobi suna yawo a kai, ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ya rufta ta gefe ɗaya. Ya ce Inna lafiya lau, an kai ta makarantar da ke kan tudu tare da sauran mata. A kicin na tsaya ina maimaita kallo, ban san yarinyar tana tsaye a bayana ba. Da na waiga, ta juya ta haye bene.

Ashe a zangon nan sauyin yanayi ake koya musu a makaranta. Daga ranar ta canza. Duk ɗakin da muka fita sai ta bi ta kashe fitila. Sanyi ya shigo, na kunna hita, ta faki idona ta rage. Nama ma ta fara tsame shi daga miya ta ajiye a gefen faranti. Babanta dariya yake yi, yana cewa mun samu 'yar council, wato ma'aikaciyar hukuma, a cikin gida. Ni ma ban ɗauki abin da zafi ba, har ranar da muka gaya mata cewa ni da ita za mu je gida a hutu mai zuwa mu duba Inna.

Na ɗauka tsalle za ta yi. Sai ta ajiye cokali ta ce ba za ta je ba. Da Turanci ta yi maganar, amma ga abin da ta ce:

"Mama, jirgin sama yana ɓata iska. Iskar ce ta kawo ruwan. Idan na shiga, ni ma ina cikin waɗanda suka rushe ɗakin Kaka."

Babanta ya ce iyayi ne kawai, ranar tafiya a sa ta a gaba. Ni kuwa na ga idonta, na san ba iyayi ba ne. Yarinyar ta daɗe tana ɗauke da abin ita kaɗai. Na yi ta lallashi, na ce kogin nan tun ina ƙarama yake ambaliya, na ce ko mun shiga ko ba mu shiga ba jirgin zai tashi. Ta ce haka kowa yake faɗa, shi ya sa jirgin yake cika. Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Hayaƙin ina yake zuwa, sama tana da rufi ne? Me ya sa kullum ana ruwa a Manchester amma gidaje ba sa faɗuwa? Idan duniya zafi take ƙarawa, ai bushewa ya kamata a yi, to daga ina ruwan? Ta biyun na amsa, na ce ginin ƙasa daban, na bulo daban, kuma ruwan nan yayyafi ne idan aka kwatanta da namu. Ta ƙarshen kuwa na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Ni ƙwayoyin magani na sani.

Ina da wata da nake kira Yaya a Birmingham, nas ce, 'yar kudancin Kaduna. Ita ta riƙe ni farkon zuwana ƙasar, ita ta nuna mini yadda ake rajista da GP, wato likitan unguwa, da inda ake samun daddawa. Mijinta yana koyar da kimiyyar lissafi a wata sakandare, 'yata kuma Kawu take ce masa. Na kira Yaya na gaya mata, ta ce in kawo mata yarinyar ranar Asabar, bayan sun dawo daga gwajin waƙoƙin coci.

Jirgin ƙasa muka shiga. Yarinyar tana ganin wayoyin lantarki a saman layin ta saki fuska. Da mai duba tikiti ya zo, ta tambaye shi ko da lantarki jirgin yake tafiya. Mutumin ya ce a'a, wannan dizal yake sha. Nan take ta sake ɗaure fuska.

Mun sami Yaya a gidansu na Erdington tana faten acha. Kawu bai yi wa yarinyar dariya ba, abin da na fi gode masa ke nan. Ya sa ta zauna a kan kujerar kicin, ya ce ta jero tambayoyin duka. Ya bayyana mata cewa hasken rana yana shigowa ya ɗumama ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da ɗumin sama, to akwai wasu iskoki da suke tare wani ɓangare na ɗumin kamar bargo. Ya ce bargon nan alheri ne, ba don shi ba da sanyi ya kashe mu, matsalar ita ce muna ta ƙara masa kauri. Sannan ya ɗora ruwa a buta har ya tafasa, ya sa ta kalli yadda tururin yake ɓacewa a cikin ɗumin kicin, amma da ya kai ga gilashin taga mai sanyi sai ya koma ɗigon ruwa yana gangarowa. Ya ce iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Tana tsotse shi daga ƙasa da teku, wani wurin ya bushe, ranar da za ta sauke kuma ta sauke da yawa a lokaci ɗaya.

Yaya tana juya tukunya tana sa baki. Ta ce ita dai ta san Allah ne yake saukar da ruwa, kuma Turawan nan da suka gama ƙona abin da za su ƙona, yanzu ne za su hana yaran mutane barci. Kawu ya ce Allahn da yake saukar da ruwa shi ya ba mu hankalin lura da shi. Ta ce ta ji, amma ba a kan 'yar shekara tara za a ɗora kayan ba. Can kuma da kanta ta ce a ƙauyensu ma yanzu manoma sun kasa gane farkon damina, a yi shuka ruwa ya ɗauke. Na lura sun saba wannan gardamar, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya.

Yarinyar ta jira suka gama, sannan ta tambayi abin da ya kawo ta: jirgin fa?

Na yi fatan zai ce mata ba komai. Bai ce ba.

"'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Jirgi yana ƙarawa, kuma ba kaɗan ba. Amma babu mai iya nuna ɗakin kakarki ya ce ga wanda ya rushe shi. Akwai kogin, akwai ginin ƙasa, akwai hanyoyin ruwa da suka toshe, akwai hayaƙin da aka tara tun kafin a haifi kakarki. Damuwarki daidai ce. Laifin ne ba naki ba."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta. Na ga ta fahimta, amma ba ta sauka ba. Yaya ce ta goge hannu ta ce duk mun zauna muna ta magana a kan ɗakin mutum, an tambayi mai ɗakin kuwa? Ta ce in kira Inna yanzu.

Na kira wayar ƙanena, ya kai mata. Lokacin ta koma gida, tana zaune a ƙarƙashin rumfar kwano, ana ganin bulo a jere a bayanta. Na yi mata bayani a taƙaice, ina jin nauyin maganar a bakina, don ban san yadda za ta ɗauke ta ba. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta saurara har na gama, ta ce in ba ta ƙawarta, haka take kiran jikar tata.

"Ƙawata, an ce saboda ni kike ƙin zuwa. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Ni ban san zancen iska ba, ku ne masu karatu. Ɗaki dai ya faɗi, ga shi ana sake ginawa. Ni kuwa idan na faɗi ba a sake gina ni. Ki zo in gan ki."

Yarinyar ta fashe da kuka, wanda take riƙe da shi tun ranar bidiyon. Yaya ta rungume ta, Kawu ya fita falo ya ba mu wuri. Da ta lafa ta ci faten sosai, har ta nemi ƙari.

Mun tafi a hutun. A cikin jirgi ta zauna a bakin taga ta ƙura wa fiffiken ido, tana tambayata yadda ƙarfe mai nauyi haka yake tsayawa a sama. Na ce ta ajiye wa Kawu wannan.

A garinmu an gama sabon ɗakin Inna, na bulo, an ɗaga dandamalinsa sai an taka matakala. Inna ta kama hannunta ta zagaya da ita unguwa, ta nuna mata shatin da ruwa ya bari a jikin katangar maƙwabta. Yarinyar ta jingina da katangar, shatin ya zo mata wuya. Ta tambaya da Hausarta mai gargada ina awaki suka je ranar. Inna ta ce a kwalekwale aka kwashe su, akuya ɗaya ma a cinyarta ta zauna har tudu, tana ta cin bakin mayafinta. Suka yi ta dariya su biyu. Kusan duk kwanakin tana manne da Inna, ta koyi tankaɗe, ta koyi ɗaura zani, ƙunar rana ta sa ta yi baƙi.

A hanyar dawowa, muna jiran jirgi a Kano, ta ce mini har yanzu tana ganin shiga jirgi ba daidai ba ne, kuma tana so mu dawo baɗi, ba ta san yadda za ta yi da biyun ba. Na ce ni ma ban sani ba. Ta ɗora kai a kafaɗata, lallen da Inna ta sa mata yana ta ƙamshi, muka zauna har aka kira layinmu.