Kasa-Kunne da Muryar Mijin Tela

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban nasa, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Shagon a ƙarƙashin matakalar bene yake, in ka miƙe da garaje sai siminti ya gaisa da ƙeyarka. Can ƙurya akwai durowa maƙare da allunan cikin kwamfutocin da suka gama yayinsu. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo yana kiranta maƙabarta, shi kuwa ya ce masaukin baƙi ce. Daga nan sai ya rataya tabaraunsa mai kauri, ya zauna jiran wanda kwamfuta ta ɓata wa rai.

Sunan yanka dai ya daɗe da ɓacewa a layin nan, Kasa-Kunne kowa ke ce masa. Dalili kuwa, duk wanda ya kawo masa aiki ya fara zuba bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata tukuna, bari in ji ta bakinta." Ya danna maɓalli, ya kwantar da kunne a jikinta, ya lumshe ido. Daga juyin fanka da ɗan kukan da takan yi in ta tashi, yakan san inda ke yi mata ciwo. Kuma ba ya yarda a ce kwamfuta ta mutu a gabansa. "Suma ta yi," in ji shi. "Zancen mutuwa sai na duba."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma dalilin rufewar shi ne abin tausayin. Kunnen nan da aka yi masa suna da shi, shi ne ya fara juya masa baya. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, har ranar da mai agogo ya tsaya a bayansa yana ta rangaɗa sallama, shi ko waiwaye. Yanzu yatsa yake ɗorawa a jikin na'ura ya ji motsin fankar. Wani lokaci a kan gan shi ya kai kunnen saboda sabo, ya daɗe a haka, sannan ya ɗago a hankali kamar wanda ya je gidan aboki ya tarar an tashi.

Ayyukansa suna da yawa, kowa a layin yana da nasa labarin. Amma wanda mai agogo ya gani da idonsa, yake kuma maimaita wa duk wanda ya tsaya, shi ne na wata mata tela.

Ta zo da hantsi, rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka a naɗe cikin ragowar yadi, mijinta na biye da ita. Dattijo ne dogo, da ƙyalle ɗaure a wuya, kansa a sunkuye. Ita ce ta yi sallama, ita ce ta gaisa, shi hannu kawai ya miƙa.

"Baba, an ce in ba kai ba sai dai haƙuri," ta ce. "Na je wurare, kowa ya ce a canza allon cikinta a sa sabo."

"Ɗaga murya, ƙanwata," in ji Kasa-Kunne, ya matso da kujerarsa. "Ba ƙarya suka yi miki ba, hanya mafi sauri ke nan. Me ya hana ki yarda?"

"An ce in aka canza, abin da ke ciki ya tafi."

Ya juya kwamfutar ya duba bayanta, ya gyaɗa kai. Irin wadda ma'ajiyarta ke manne da allon ce, ba a ciro ta a kai wata. Sai ya yi tambayar da ya saba yi kafin ya taɓa sukudireba. Shi ba ya tambayar me ke ciki. Cewa ya yi, "Wane ne a ciki?"

Matar ta nuna mijinta da haɓa. "Shi ne."

Ashe ciwon maƙogwaro ya yi, likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma aikin zai tafi da muryar. Ana gobe za a kwantar da shi, 'yarsu ta zaunar da shi gaban kwamfutar ta ce, "Baba, yi magana mu ajiye." Bawan Allah ya rasa abin faɗa, shi ba mai wa'azi ba, ba mai waƙa ba. Sai ya kama faɗin maganganun da yake yi a gida kullum: sannu da aiki, ina kika ajiye min tabarau, wa ya bar famfo a buɗe. An yi aiki, ya rayu, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar gidan ya yi tsit. Kowace safiya kafin ta hau keken ɗinki sai ta kunna ta ji ya ce mata sannu da aiki, shi kuma yana zaune a gefe yana shan shayinsa. 'Yar ta sha cewa za ta kwafe muryar zuwa wani wuri, yau ne gobe ne, har aure ya kai ta nesa.

"To me ya faru?" in ji Kasa-Kunne.

"Rubutu ta fito da shi, wai tana son sabuntawa. Na kira 'yata ta ce in danna, amma kada a kashe sai ta gama. Batirinta ya daɗe da lalacewa, da wutar bango kawai take aiki. Na danna, na shiga kicin." Ta ja numfashi. "Shi kuma aikinsa ke nan tun yana saurayi, mai kula da ginin ofisoshi ne. In kowa ya tashi, shi ke bi ɗaki-ɗaki yana kashe makunni. Ya shigo ya ga fuskar kwamfutar baƙa, ya ga soket a kunne."

Dattijon ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da can, Baba, ba ya kashe komai a gidan nan sai ya ɗaga murya daga ɗaki ya tambaye ni. Har faɗa nake masa, in ce kai dai ka cika tambaya. Yanzu da me zai tambaya?" "Ban yi masa faɗa ba, wallahi. Amma tun ranar ya ƙi cin abincin kirki."

Kasa-Kunne ya dubi dattijon ya ce, "Yaya, ɗago kanka. Da kowa na kashe wuta irinka da gobara ta yi ƙaura. Kwamfutar nan kuwa ba mutuwa ta yi ba. Suma ta yi."

Ya yi musu bayani yadda yake yi wa kowa, ba da turancin tsoratarwa ba. A jikin allon akwai wata 'yar baƙar ƙwaya da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, ana ce wa abin da ke cikinta bayos. Shi ne karatun farko da kwamfuta ke yi in ta farka, da shi take sanin ita wace ce. Sabuntawar nan gogewa take yi ta sake rubutawa. An goge, an fara rubutu, sai wuta ta ɗauke, shi ya sa ta farka ba ta san ko sunanta ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ya fara da masu sauƙi, don shi ba ya fasa ƙofa sai ya gwada makulli. Ya zare caja, ya danne maɓallin har sauran wutar jikinta ta tsiyaye. Shiru. Ya kwance bayanta, ya ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya jira, ya mayar. Shiru. Ya sa filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake cusa wa kwamfuta a gefe, mai ɗauke da karatun, ya danne maɓallan da ke sa wasu kwamfutocin su ceci kansu. Fanka ta motsa a ƙarƙashin yatsansa, ta sake tsayawa. Mai agogo ya ce a nan ne ya ga matar ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

Sai ya ɗauko wani ɗan maƙali mai kama da na shanya, ya cije ƙwayar da shi, ya haɗa da tasa kwamfutar. Kafin ya rubuta komai, sai da ya kwashe ɗan guntun karatun da ya rage ya adana. Mai agogo, da ba ya iya ganin abu ya yi shiru, ya ce, "Kai kuma me za ka yi da lalatacce?"

"Lalatacce ne, amma nata ne," in ji shi. "Akwai shaidarta a ciki. In na zuba mata na wata tsurarsa, za ta tashi, amma ba lalle ta gane ma'ajiyarta ba."

Daga nan ya jawo durowar nan da ake yi wa dariya. Ya daɗe yana tono, ƙura na tashi, har ya zaro allo irin nata sak, na wata da ruwa ya ci tun tuni. Ya kwafi lafiyayyen karatu daga gare ta, ya haɗa da shaidar kwamfutar tela, ya fara rubutawa. Ya sa gwiwarsa ya tokare filogi a bango, ya dubi dattijon da murmushi ya ce, "Yaya, wannan soket ɗin amana ne a hannunka. Kada kowa ya taɓa." Dattijon ya miƙe ya tsaya a gabansa ƙyam, har aka gama bai motsa ba.

Da ya mayar da komai ya danna maɓalli, fuskar ta daɗe baƙa. Shi yatsansa na kan fanka, ya ce, "Ku bar ta, tana tuna kanta ne." Can sai haske ya kawo.

Matar ba ta jira ya gama tattara kayan aikinsa ba. Ta nemo wurin da muryar take, ta danna wanda ya fara zuwa. Sai ga murya ta cika ɗan shagon nan, kakkaura, mai dariya a ƙasanta:

"Sarkin faɗa, in kashe wannan ko in bari?"

Mai agogo ya ce shi dai bai san lokacin da ya juya ya fuskanci bango ba. Matar tana dariya, hawaye na zuba. Dattijon ya kai hannu ya dafa ƙyallen wuyansa, leɓɓansa na bin maganar. Shi kuwa Kasa-Kunne ya ga fuskokinsu, ya san aiki ya yi. Ya sunkuya ya manna kunnensa a lasifikar, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Ƙanwata, me yake cewa?"

Ta matso daf da kunnensa ta faɗa masa. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Ki ce masa ya bari." Kafin su tafi sai da ya kwafe muryar a filas biyu, ya ba ta ɗaya, ya sa wa mijin ɗaya a aljihu.

Kai ne wannan, Kasa-Kunne, mai jin ciwon abin da ba ya magana. Kai ne ka mayar wa gida da muryar da kai kanka ba ka samu jin ta ba, kuma ba ka nuna ya dame ka ba sai bayan sun tafi, da mai agogo ya gan ka zaune ka riƙe kunnenka. Za mu yi kewarka, gaskiya ce ba sai an ɓoye ba. Za mu wuce ƙarƙashin matakalar nan mu ga an jera wasu kaya, ƙafarmu ta rage sauri da kanta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka ji muryoyin jikokinka ko da sai sun matso daf.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, kayan aikinku sun fi nasa, idonku ya fi nasa, kunnenku garau. Ku ɗauki tambayarsa ku riƙe. Kafin ku ce wa mutum a canza allo, ku tambaye shi wane ne a ciki.

Tela ta ce har yau kowace safiya tana kunnawa. In muryar ta tambaya, takan amsa daga kan kekenta ta ce, "Bar shi, baban yara." Shi kuma daga inda yake zaune, sai ya janye hannunsa daga makunni.